Yoyon Lagireto: Ƙarin Ruwa Ba Gyara Ba Ne

Direban da ke yawo da galan a but, yana ɗura wa lagireto ruwa kowace safiya, motarsa ta daɗe da kai masa ƙara, shi ne bai saurara ba. Ruwan sanyaya inji a rufe yake zagayawa, ya bar inji ya shiga lagireto ya huce ya dawo. In yana raguwa kullum, akwai inda yake fita.

Sirrin abin yana ga matsi. Inji na aiki ne a zafin da ya kai wajen digiri 90, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Murfin lagireto ne ke riƙe matsi, har ruwan ya kusa digiri 120 bai tafasa ba. Da an sami ɗan huji, ko robar murfin ta mutu, matsin ya zurare, sai ruwa ya tafasa da wuri. Shi ya sa a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ake yawan ganin tsofaffin motoci a gefen titi, bonet a ɗage.

Da safe ake farautar yoyo, inji a sanyaye. A leƙa ƙarƙashin mota, a matsa tiyon sama da na ƙasa a ji ko ya yi laushi ko ya tsage, a duba bakin kilif ko akwai busasshen tabo fari ko kore. Famfon ruwa na da ɗan rami a ƙasansa. In yana ɗiga ta nan, canji ya zo. In dardumar gaban mota na jiƙewa, mai yiwuwa hita ce ke yoyo.

Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, lagiretonta na tagulla ne, mai walda kan liƙe shi da dalma ya ƙara shekaru. 'Yan Kwatano na baya-bayan nan, irin su Golf da Corolla, nasu alminiyon ne da kan roba. In robar ta tsage, gam ba ya daɗewa, gara a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka a sayo wani. Fasa ƙwai a ciki kuwa, zai iya kai mutum gari na gaba, amma yana toshe siraran hanyoyin ruwan.

Dabarar da ta fi ɓata min rai ita ce ta bakaniken da zai cire tamostat ya ce an gama. Yoyon na nan, inji kuma ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Haka nan ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, shi ke kawo tsatsa da ɓawon da ke cin lagireto ta ciki. Kulan, wato sinadarin sanyaya inji, da aka haɗa rabi da rabi da ruwa mai tsabta ne ke hana wannan.

In babu ɗigo ko'ina amma ruwa na ɓacewa, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, aikin ya zama babba.

Kada a buɗe murfi inji na da zafi, tururin na saɓule fata. Kulan kuma zaƙi gare shi amma guba ne, a ajiye shi inda yara da dabbobi ba za su kai ba.