Kafin a Ce "Na Sallama": Darasin Ciniki a Wurin Dillalan Motoci

Da yawa daga cikinmu mun taɓa raka Baba ko Kawu sayen mota. Dillali ya sa kuɗi, Baba ya taya, a ce "albarka", ya ƙara, har a kai ga "na sallama". Mu muna gefe muna kallo kamar wasa, alhali gumin shekaru ne ake shirin miƙawa.

Gwanayen ciniki tun kafin su taya suke shiri. Sukan zaga wurin dillalai biyu ko uku su ji farashin mota iri ɗaya, mai shekarar ƙira ɗaya. Sukan tafi da makanikinsu ya duba inji, giya da tayoyi, domin duk aibin da ya gano hujja ce ta neman ragi. Sukan nemi takardun kwastan, su gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke jikin motar. Sukan kuma tambaya tun farko: wa zai biya la'ada?

Ga inda lissafin aji yake amfani. A ce an sa wa mota naira miliyan 8, aka samu ragin kashi 10 cikin 100. Naira 800,000 ke nan ta koma aljihu.

Babban kuskure shi ne nuna zumuɗi. Wanda zai iya cewa "mun gode" ya juya, sau da yawa shi ake kira ya dawo. Mu fara gwadawa ranar da aka aike mu sayen takalmin makaranta.