Abin da ke maƙale a saiwar shinkafar Kura

A ƙauyukan da ke shan ruwan Dam ɗin Tiga, daga Kadawa zuwa Kura da Garun Malam, shinkafa ce ke tsara yini. Kafin rana ta ɗaga masu dashe sun riga sun sunkuya cikin laka, da yamma kuwa hirar majalisa ba ta wuce kuɗin buhun yuriya da kukan cewa ƙasa ta gaji.

Gajiyar nan ana iya ganinta da ido a jikin saiwa. Tuge gindin shinkafa mai lafiya ka ɗauraye a magudana: sababbin saiwoyi farare tas, tsofaffin kuma ja-ja kamar sun yi tsatsa. Tsatsar ce kuwa. Shinkafa tana da ƙananan hanyoyin iska a cikin jikinta, ta nan take saukar da oksijin zuwa saiwa, ya tsattsafo cikin laka ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke narke a ruwa. In kuwa saiwa ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to gonar ta shaƙe, ruwa ya kwanta mata ba mafita.

A ɗan wannan wuri da ke kewaye da saiwa ne bakteriya masu amfani suke cincirindo, saboda shukar tana zubo musu da sukari. Ido ba ya ganinsu, amma aikinsu ba kaɗan ba ne. Irin su Azospirillum da Herbaspirillum, waɗanda Johanna Döbereiner da abokan aikinta suka yi fice wajen nazarinsu a Brazil, suna kama naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, su mai da shi abincin shuka. Wasu daga dangin Bacillus da Pseudomonas suna narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa, wasu kuma suna fitar da sinadarin da ke sa saiwa ta yi rassa.

Kada dai a zuzuta. Shinkafa ba ta yin ƙulle-ƙullen saiwa irin na wake da gyaɗa, don haka abin da take samu daga iska bai isa ya kori yuriya daga gona ba. Duk mai tallar ruwan bakteriya a kwalba da ya ce maka ka daina sayen taki, riƙe aljihunka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne hayaƙin da ke turnuƙe gonaki bayan girbi. Ana cinna wa karan shinkafa wuta don a yi saurin shiga noman rani, alhali shi ne abincin waɗannan halittu. Manoman da ke barin kara ya ruɓe, ko su bar shanun Fulani su kwana a gona su zubar da kashi, su ne ke ciyar da su ba tare da sun san sunansu ba. Sai dai ruɓewa na son makonni, mai hayar fili kuwa sau biyu yake son ya girba a shekara.