MAGININ BADUN DA YA MAI DA JAR ƘASA ABIN ADO

Duk ɗan Arewan da ya taɓa zama a unguwar Sabo ta Badun ya san Mokola, domin kuwa ta nan a ke shiga mota, ta nan a ke sauka. Amma ba kowa ya san cewa can wajen tudun Mokola, a unguwar Oremeji, akwai wani gini na jar ƙasa wanda masanan aikin gini su kan taso daga ƙasashen waje domin su gan shi ba. Mai ginin shi ne Demas Nwoko, wanda cikin watan Mayu na 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Venis na ƙasar Italiya, wajen babban baje kolin fasahar gini da a ke yi duk bayan shekara biyu. Lambar nan kuwa ta wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan aikin ce. Abin mamaki shi ne, mutumin bai taɓa shiga makarantar koyon tsara gini ba.

Labarinsa ya shafi duk wanda ya ke neman abinci a Kudu, ko a Ikko ya ke, ko Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal. Kusan kowa a cikinsu burinsa guda ne, watau ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa ya aika gida a yi masa ginin bulo a rufe da kwano. Sa'an nan in ya je ganin gida da bazara sai ya tarar ɗakin da ya kashe wa gumin shekara goma ba ya shiguwa da rana, da dare kuwa sai ya ɗauki tabarma ya koma tsakar gida. Wannan matsala ce Nwoko ya shafe fiye da shekara 50 yana nuna maganinta.

DAGA FADA ZUWA ZARIYA

An haifi Demas Nwoko cikin 1935 a garin Idumuje-Ugboko, wanda yanzu ya ke cikin Jihar Delta. Mahaifinsa shi ne sarkin garin, saboda haka ya tashi yana ganin yadda a ke gina fada da ƙasa da itace, bisa tsarin gine-ginen masarautar Binin.

Cikin 1957 ya tafi Zariya ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda daga baya, cikin 1962, ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Zane da sassaƙa ya je koyo. A can ne shi da abokan karatunsa, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar 'yan zane ta Zariya cikin 1958, wadda mutane suka riƙa kiran 'ya'yanta 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu kuwa ba na makami ba ne. Cewa suka yi ba su yarda a koya musu zane irin na Turawa kaɗai ba, alhali ga fasahar iyaye da kakanni a ƙofar gida. Shawararsu ita ce a ɗauki abin da ya ke da amfani a wajen Bature a haɗa shi da na gida.

Da ya gama cikin 1961 sai ya wuce birnin Faris na ƙasar Faransa, inda ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo. Bayan ya komo ya koyar a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Badun daga 1963 zuwa 1978. Neman wurin da zai yi aikinsa na zane da sassaƙa da wasan kwaikwayo shi ya jawo shi cikin harkar gini.

BULON JAR ƘASA

Cikin 1967 Nwoko ya fara gina ma'aikatarsa ta Oremeji, wadda ya sa wa suna New Culture Studio. Ba shi da kuɗin sayen kayan waje, ga shi kuma ƙa'idojin gini na birane, waɗanda aka gada daga zamanin mulkin Turawa, ba su yarda da ginin ƙasa zalla ba. Sai ya yi dabara. Ya ɗebi jar ƙasar nan ta wurin, ya gauraya ta da ɗan sumunti, ya buga bulo da ita. Bulon ya fito da ƙarfin da hukuma ta ke nema, ga kuma launinsa ja mai kyau wanda ba ya bukatar fenti.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne majami'ar da wata ƙungiyar limaman Katolika, waɗanda a ke kira Dominikan, suka ba shi cikin 1970 a unguwar Samonda, kusa da Jami'ar Badun. Limaman sun ce suna son ginin da zai yi kama da ƙasar da aka yi shi a cikinta. Nwoko ya ɗaga rufin ya yi masa tsini sama, ya bar hanyar da hasken rana zai sauko daga can bisa, ya jera ginshiƙai na itace waɗanda aka sassaƙa da hannu. Daga baya ya tsara zauren al'adu na Oba Akenzua a Binin, wanda aka soma cikin 1972 amma bai kammalu ba sai cikin 1995, sa'an nan ya gina gidan kansa a Idumuje-Ugboko cikin 1976.

YADDA GININ KE SHAN ISKA

Kyan gine-ginen Nwoko ba a fenti ko madubi ya ke ba. Kowane abu da ido ya gani ya yaba, in an bincika sai a tarar wani aiki ya ke yi.

Na farko shi ne kaurin bango. Bangon ƙasa mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratsa shi nan da nan. Ya kan shanye zafin da rana a hankali, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sa'an nan ya sake shi. Bulon sumunti mai rami a ciki kuwa siriri ne, kafin la'asar zafi ya riga ya shiga ɗaki.

Na biyu shi ne hanyar iska. Iska mai zafi sama ta ke tashi, kamar yadda hayaƙi ke yi a madafa. Saboda haka Nwoko ya kan bar ƙananan kafofi ƙasa-ƙasa inda iska mai sanyi za ta shigo, ya kuma bar mafita can kusa da rufi inda mai zafin za ta fice. Ɗakin sai ya riƙa numfashi da kansa, ko an kawo wutar nan da har yanzu jama'a ke kira ta Nepa, ko ba a kawo ba.

Na uku shi ne haske. Maimakon manyan tagogi na gilashi waɗanda ke shigo da rana tsaye, ya fi son haske ya zo daga sama, a tausashe. A gidansa na Idumuje-Ugboko ya bi tsarin magina na Binin, ya bar buɗaɗɗen wuri a tsakiyar rufi, inda haske da ruwan sama ke saukowa cikin gida, ruwan ya taru wuri guda ya bi magudana ya fita.

Na huɗu shi ne faɗin rufi. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa, Kudu kuwa ƙasar ruwa ce. Don haka ya kan miƙa bakin rufi ya zarce bango sosai, yadda ruwa ba zai riƙa dukansa ba, rana ma ba za ta same shi kai tsaye ba.

ZAMANIN SUMUNTI

Nwoko ya yi waɗannan ayyuka ne a lokacin da ƙasar duka ta juya wa ƙasa baya. Kuɗin man fetur sun shigo, kowa yana neman sumunti. Cikin 1975 odar sumuntin da gwamnati ta yi daga waje ta yi yawan da jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko, waɗansu suka yi watanni suna jira, har sumunti ya daskare a cikin waɗansunsu.

A wannan zamani ne aka gama Babban Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu, cikin 1976, domin bikin Festac na 1977. Duk mai wucewa ta gadar Eko ya san shi, mai kama da hular soja. Wani kamfani na ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi, an kuwa kwaikwayo tsarinsa ne daga wani zauren wasanni da ke birnin Varna na can ƙasar, inda a ke yin sanyi har da ƙanƙara. Gini ne na ban sha'awa, amma irin wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Da kulawa ta yi ƙaranci sai ya shafe shekaru cikin lalacewa, kafin bankunan ƙasar nan su ɗauki nauyin gyaransa, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka cikin 2024. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

AREWA TA RIGA TA SAN WANNAN

Ga mutumin Arewa, dabarar bango mai kauri da ƙaramar taga ba baƙuwa ba ce. A birnin nan na Zariya inda Nwoko ya yi karatu akwai Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Da tubali da azara ya ɗaure bakan-gizon da ke riƙe da rufinsa, masana kuwa suna lissafa shi cikin manyan gine-ginen ƙasa na Afirka. Duk wanda ya taɓa shiga soron dattijo a Kano ko Katsina da tsakar rana a watan Afrilu ya san sanyin da a ke magana.

A Jamhuriyar Nijar ma, masallacin garin Yama na Jihar Tawa, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya soma cikin 1962, ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gini cikin 1986. Cikin 2018 kuma wata 'yar Nijar mai tsara gine-gine, Mariam Issoufou, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kammala sabon masallaci a garin Dandaji da bulon ƙasa wanda a ke matsewa da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. A Burkina Faso kuwa Francis Kere ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando cikin 2001 da bulon ƙasa mai ɗan sumunti, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska za ta ratsa tsakaninsu. Cikin 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a.

INDA GIZO KE SAƘAR

Ba a ce ginin ƙasa ba shi da aibu ba. Kowace damina a kan ji labarin gidajen da suka rufta a Arewa, har da asarar rayuka. Amma in aka duba sai a ga yawancinsu ruwa ne ya ci gindin bango, ko indararo ya toshe, ko an yi shekaru ba a yi yaɓe ba. Ginin ƙasa yana son harsashi na dutse ko kankare wanda ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, yana son rufi mai kare shi, yana kuma son mai gida ya riƙa dubawa. Har ila yau ba kowace ƙasa ce ta dace da bulo ba. Mai yumɓu da yawa ta kan tsage, mai rairayi da yawa ta kan zube, saboda haka sai an gwada kafin a buga.

Shi kansa Nwoko gine-ginensa ba su da yawa, waɗansu kuma sun daɗe ba a gama ba, domin aikin hannu ne mai cin lokaci, ga ƙarancin magina da suka iya shi. Amma babbar matsalar ba a nan ta ke ba, a zukatan mutane ta ke. Mutum ya yi shekara ashirin a Kurmi, in ya koma gida ya yi ginin ƙasa sai a ce bai samo kome ba. Tsoron wannan magana ya sa mutane da yawa sun gina ɗakin da su da kansu ba su iya kwana a ciki.

KAFIN A AIKA DA KUƊI

Wanda ya ke shirin aika kuɗin gini gida, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa magininsa tun kafin a haƙa harsashi. Ina rana ke fitowa, ina ta ke faɗuwa, kuma wane bango ne za ta fi duka? Bangon yamma shi ne ya fi shan rana, bai kamata a sa masa babbar taga ba. Shin tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta shiga nan ta fita can? Akwai mafitar iska mai zafi kusa da rufi? In kwano za a sa, akwai silin a ƙarƙashinsa, da sarari tsakani? Bakin rufi ya zarce bango? Sa'an nan ina za a dasa itace, ko darbejiya ce ko mangwaro, domin inuwa? Yawancin waɗannan ba su bukatar ƙarin kuɗi mai yawa, shawara ce kawai da a ke yankewa tun ginin yana kan takarda. In an riga an ɗora rufi kuwa, gyara ya yi wuya, sai sayen fanka da man janareto har abada.

Cikin 2007 waɗansu masu tsara gine-gine guda biyu da suka daɗe suna aiki a Ikko, John Godwin da Gillian Hopwood, suka wallafa littafi sukutum a kan gine-ginen Nwoko. Amma mazauna Badun ba su bukatar littafi, domin gani ya kori ji. Daga Sabo zuwa Oremeji ba wata tafiya ba ce, Samonda kuwa tana kan hanyar Jami'a. Wanda ya sami sarari ranar da ba kasuwa, ya je da tsakar rana, ya nemi izini ya shiga, ya dafa bangon da hannunsa, sa'an nan ya aika wa magininsa saƙo.