Dubiya: Abin da Ke Hannunmu da Abin da Ke Bakinmu

Duk wanda ya ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mutanen gari su ke kira Asibitin Malam. Yana nan a bakin Titin Zariya. An kafa shi a 1988, a nan ne kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero su ke koyon aiki. Tun 2002 a ke dashen ƙoda a cikinsa. Saboda haka ba mutanen Kano kaɗai su ke zuwa ba. Akwai na Jigawa, da na Katsina, da na Bauchi, har da na Jamhuriyar Nijar. Mu da mu ke maƙwabtaka da shi mukan wuce ta ƙofarsa safe da yamma a adaidaita-sahu, har idonmu ya saba, mun daina lura da mutanen da su ke shiga da tabarma a hammata da bokiti a hannu.

Waɗannan su ne masu jinya. A ƙasarmu in mutum ya kwanta a asibiti, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Sai wani ya bar gona ko kasuwa ya zo ya zauna da shi. Shi zai sayo magani, shi zai wanke tufafi, shi zai nemo abinci. Likita yana duba mai ciwo. To, mai jinya fa, wa ya ke duba shi? A cikinsu akwai 'yan'uwanmu masu bi daga ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo, waɗanda ba su san kowa a birni ba, sai sunan wani fasto da aka rubuta musu a 'yar takarda.

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru da mu, ko da ya ke ba labarin yabo ba ne.

A watan Fabrairu na 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Kun tuna Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin ba a ganinsu, tsofaffin kuwa mutane da yawa sun ƙi karɓa. A cikin wannan hali wata 'yar'uwa daga wajen Sumaila ta kawo mijinta, ciwon ƙoda ya kumbura masa ƙafafu da fuska. Ta sayar da awaki biyu da buhun dawa kafin su taso, aka biya ta da tsofaffin kuɗi, ta ƙulle a bakin zane. Ba ta da asusu a banki. Ga kuɗi a jikinta, ga yunwa.

Labari ya iso ikkilisiyarmu. Ran Lahadi bayan sujada muka haɗa ɗan abin da ya samu, mu biyar muka tafi dubiya, yawancinmu malaman makaranta. Da muka shiga muka ga jikin mutumin, sai ɗayanmu ya kama baki ya ce, "Kai! Irin wannan kumburi ne ya tafi da wane bara." Wani ya shiga lissafa wa matar abin da wankin ƙoda ya ke ci kowane mako. Wani ya sunkuya ya tambayi mai ciwon ko akwai zunubin da bai tuba ba, ko kuwa an taɓa kai shi wurin boka. Sa'ad da za a miƙa ambulan ɗin kuɗi, aka ɗaga waya aka ɗauki hoton matar tana karɓa da hannu biyu, wai don a nuna wa waɗanda suka bayar. Muka yi doguwar addu'a, muka fito zuciyarmu fari, muna cewa mun yi aikin Ubangiji. Mu da mu ke rubuta wannan muna tsaye a wurin, ba mu kwaɓi kowa ba.

A daren nan matar ta naɗe tabarmarta. Ta yi lissafi irin na talaka: tun da malamai masu ilimi sun ce ba ya tashi, gara ta mai da shi gida da ransa, gama kuɗin motar gawa ya fi na mai rai.

Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Mata, gwauruwa, tana sayar da kayan miya a kasuwar Tarauni. Kowa Mama ya ke ce mata. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma cikin waɗanda muka gayyata. Ran Litinin da sassafe, kafin ta buɗe rumfa, ta zo da fulas ɗin kunu, ta tarar an ɗaure kaya.

"'Yata, ina zuwa haka?"

"Gida, Mama. Malamai sun ce ciwon ba na tashi ba ne."

"Malaman alli ko na allura? Zauna ki sha kunu tukuna. Wa ya wanke masa rigar nan fes haka? Ke? Kai, kin yi ƙoƙari. Bari likita ya zo zagaye, mu tambaye shi tare."

Ba ta ce mata gobe zai warke ba, gama ba ta sani ba. A nan yawancinmu mu ke kuskure. Muna tsammani ƙarfafa zuciya shi ne a yi wa mutum alkawarin da Allah bai ba mu iznin yi ba. Mama ta nemi abin da ya ke gaskiya, mai kyau kuma, ta faɗe shi: riga tana da tsabta, matar ta yi ƙoƙari, likita yana zuwa. Sa'an nan ta tambayi nas abin da ya halatta mai ciwon ya ci, aka gaya mata a rage gishiri, ruwa ma sai gwargwadon da likita ya ce. Mu masu takardar shaida ko a ranmu ba mu kawo wannan tambaya ba. Kowace safiya ta riƙa zuwa, kunu na matar, abinci marar gishiri na mijin. Ran da ciniki ya hana ta, jikanta ya kan kawo kafin ya tafi makaranta.

Kada kuma mu manta da wani mai shayi a bakin titi, Musulmi, wanda ya riƙa cika mata fulas da ruwan zafi kyauta, ya karɓi tsofaffin kuɗinta sa'ad da waɗansu su ke ƙi. Tun kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓarsu, shi ya riga ya yanke nasa. Ba mu muka kawo alheri Kano ba. Wani lokaci maƙwabtanmu ne su ke tuna mana da abin da ke cikin Littafinmu.

Da muka koma muka bincika Littafi Mai Tsarki, sai muka ga ashe an riga an zana hotonmu. Abokan Ayuba uku sun taso daga nesa, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan ita ce dubiya mafi kyau da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman laifin da ya jawo masa masifa, har a ƙarshe Allah ya yi fushi da su. Yaƙub kuma, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, ya tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi. Wato kuskuren iri biyu ne. Wani baki ya ke kawowa ba hannu. Mu kuwa mun kawo hannu, bakinmu ya kwashe abin da hannun ya ajiye.

Wanda ya haɗa biyun shi ne Barnaba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 4 ku karanta wa yara da dare. Sunansa na yanka Yusufu, Balawi ne, mutumin tsibirin Kubrus. Ya sayar da gonarsa ya kawo wa manzanni kuɗin. Amma laƙabin da suka sa masa ba na gonar ba ne, na ƙarfafa zuciya ne. Sa'ad da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, masu bi suna tsoronsa, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Daga baya, da saurayin nan Yahaya Markus ya gudu daga tafiyar bishara, Bulus ya ƙi a sake tafiya da shi. Barnaba ya ce a'a, har suka rabu a kan maganar, ya ɗauki yaron suka tafi Kubrus. Shekaru suka wuce, sai ga Bulus da kansa yana kurkuku yana rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, don yana da amfani a gare shi. Kuɗin gona sun ƙare tun tuni. Markus kuwa muna karanta Bishararsa har yau.

Maganar hoton nan ta dame mu ƙwarai. Dā gori da baki a ke yi, a ce, "Ba don ni ba da yaya ka yi?" Yanzu waya ce ta ke yi mana. Ubangiji Yesu ya yi gargaɗi a Matiyu sura 6 a kan yin sadaka don idon mutane. In ana so a tabbatar wa ikkilisiya an kai saƙo, mutum biyu su je, su dawo su gaya wa ma'aji. Fuskar matar wani tana kuka ba rasit ba ce.

Ga maza kuma akwai wata kyauta da ba ta bukatar aljihu. Sau da yawa abin da ya ke tsai da aiki shi ne a ce wa mai jinya ya kawo wanda zai ba da jini, ga shi danginsa suna ƙauye. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, babban mutum kuwa yana da wajen lita biyar a jikinsa, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Za a gwada ka tukuna, in ba ka isa ba a sallame ka. Daga Tarauni zuwa ƙofar asibitin tafiyar 'yan mintoci ce. Dattawan ikkilisiya su rubuta sunayen masu niyya da rukunin jininsu tun ba a shiga neman gaggawa ba.

Yara suna jin yadda mu ke magana a kan marasa lafiya in mun dawo gida, da shi kuma za su tashi. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan, gama yaron da muka ce wa daƙiƙi a aji uku ya kan riƙe kalmar har ya yi gemu. Kafin iyali su tafi dubiya, ya kamata mai gida ya tsaya a zaure ya ce, "Labarin wanda ya mutu, mu bar shi a nan. Zama kaɗan, addu'a gajeriya." A kai yaro ɗaya ya riƙe fulas, ya koyi cewa, "Sannu, Baba, yaya jiki?"

Mutumin Sumaila ya yi 'yan makonni a asibiti, kumburi ya sauka, aka sallame shi ya koma gida da ƙafarsa. Ya ga shuka, ya ga noman fari. A tsakiyar damina ya rasu a ɗakinsa, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Bayan kaka matar ta shigo mota zuwa tashar Unguwa Uku da ƙullin daddawa da kwano biyu na gero a ka. Ta bi rumfa rumfa a kasuwar Tarauni tana tambayar tsohuwa mai kayan miya, har aka nuna mata. A can ta wuni. Ba ta tambayi gidan ko ɗaya daga cikinmu biyar ba.