Da Rani Ake Kashe Ciyawar Damina

Duk mai ɗan lambu a bayan ɗaki a Mubi, a Lokuwa yake ko Shuware ko Wuro Gude, ya san abin da ke faruwa da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni. An shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, sai wata ciyawa mai siririn ganye mai sheƙi ta riga su tsirowa. A nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta dawo. Ita ce aya-aya, wasu kuma su ce jiji. Mai gida ya sake ɗaukar fartanya ya sassare ta, ya kife ƙasa, ya shiga ɗaki yana ganin ya gama da ita. Alhali kuwa taimakonta ya yi.

Ka sa hannu ka tono guda ɗaya a hankali, kada ka fizge ta. A ƙarƙashinta za ka tarar da ɗan ƙwallo baƙi mai tauri, wanda in ka fasa shi cikinsa fari ne mai ƙamshi. Daga jikinsa wani siririn zare ya miƙe zuwa wani ƙwallon, daga wancan zuwa wani, jere kamar carbi. Galibinsu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba. Muddin zaren nan yana haɗe, ƙwallo ɗaya ko biyu ne ke tsiro, sauran suna kwance ba motsi. Ranar da fartanya ta tsinke zaren, kowane ƙwallo ya zama mai cin gashin kansa, ya fitar da nasa ganyen. Dalilin da ya sa wurin da aka fi sara ya fi cika ke nan. Ba mu kaɗai take wahalarwa ba. A littafin da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar a 1977 game da ciyayi mafi muni a duniya, ita aka sa a farko, domin an same ta tana damun amfanin gona sama da iri 50 a ƙasashe fiye da 90.

Sai dai tana da lago, kuma lagon nata yana hannunmu mu da ke da dogon rani. Ƙwallon aya-aya yana jure ambaliya, yana jure sara, amma ba ya jure bushewa. In aka fito da shi sarari rana ta gasa shi har ruwan cikinsa ya ƙafe, ya mutu ke nan. Don haka lokacin yaƙi da ita shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da zafi ya kai intaha, ba watan Agusta da take tsakiyar ƙarfinta ba. A daina ba wurin ruwa kwata-kwata. A sa diga a birkice ƙasar, a farfasa hoge, a bar ta a buɗe. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake juyawa, don na ƙasa su hau sama. Wanda lambunsa ƙarami ne, ya ari rariyar waya irin wadda magina ke tankaɗe yashi da ita, ya tace ƙasar, ya tara ƙwallayen a kan tsohon kwanon rufi su bushe, sannan ya ƙone su. Kada a zuba su a juji, kada kuma a watsa su a bayan katanga, don ruwan farko zai dawo da su.

Na san masu rijiya ko famfon burtsatse za su ce ai da rani ne lambun yake da riba, lokacin da ganye ya yi tsada a kasuwa. Gaskiya ne. To, a raba wurin biyu: rabi a ci gaba da ban ruwa, rabi a bar wa rana, baɗi a sauya. Wanda ke shayar da lambunsa duka shekara ba hutu, shi da kansa yake kiwon aya-aya.

Abin da ya tsira kuma, da damina ake ƙarasa shi da naci. Duk tsiron da ya leƙo a cire shi kafin ya kai ganye biyar ko shida, wato kusan kowane mako biyu. Kafin ya kai haka, abincin da ke cikin ƙwallon yake ci, bai fara mayarwa ba, don haka kowace cirewa rage wa ƙwallon ƙarfi take yi. Aya-aya ba ta son inuwa. Dankalin Hausa da kabewa da wake mai yaɗo suna rufe ƙasa su danne ta. Baƙar leda kuwa kada a dogara da ita, tsinin ganyen yana huda ta ya fito.

Kiri-kiri ma halinta ɗaya, ita da wasu ke dasawa da gangan don tsakar gida ta yi kore. Kowace gaɓa ta jikinta in ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. In ana sonta, a yi mata iyaka da bulo ko tsohon kwano da aka nutsa cikin ƙasa, a riƙa datse duk abin da ya tsallake. Na'ana'a ma a bokiti ya kamata a dasa ta. Balasa kuma in ka cire ka yar a gefe da damina, washegari ta kama a inda ka yar da ita.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce ta ina ciyayin nan suke shigowa. Yawancinsu ta ƙofar gida suke shiga, kuma mu muke ɗauko su. Mubi gari ne na shanu, kasuwarta ta dabbobi tana karɓar shanu har daga Kamaru da Chadi, taki bai yi wuya ba. Amma irin ciyawa da yawa yana ratsa cikin saniya ya fito da ransa, ga ƙarangiya da ƙashin yawo da ke manne a jikin dabba su faɗo cikin turke. Ɗanyen taki in aka zuba shi kai tsaye a lambu, an shuka duk abin da dabbar ta ci a hanya. A tara shi tsibi guda, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa na gefe ya koma tsakiya. In ka tura hannu ciki ka ji zafin ya kore ka, to yana dafa irin. Sai ya huce ya yi baƙi, warin ya tafi, sannan a kai shi lambu. Haka ƙasar da ake ɗebowa daga bakin kogin Yedzeram ko fadama: tana da kyau, amma a baza ta a gefe, a ba ta ruwa na mako biyu a ga abin da zai fito kafin a haɗa ta da ta gida. Dashen mangwaro ko gwaba da aka sayo a leda, a duba ƙasar gindinsa.

Sai kyautar fure. Mace ta je barka ta ga shinge ya yi kyau, ta ce, "Inna, don Allah a ɗan yanko mini wannan in kai gida." Wanda ya fi kamata a yi hattara da shi shi ne lantana, mai ƙananan furanni a dunƙule, rawaya da ja da ruwan hoda a kan reshe guda, ganyensa mai kaushi da ƙarfin wari. Asalinsa daga yankunan Amurka masu zafi ne. Tsuntsaye suna cin 'ya'yansa su watsa irin ko'ina. Ganyensa yana lalata hantar shanu da tumaki, ɗanyun 'ya'yansa kuma guba ne ga yara. Gidan da ake kiwon rago kuma yara ke wasa a tsakar gida bai dace da shi ba. Zaƙami ma, in ya fito da kansa a juji, a tumɓuke shi kafin ya yi 'ya'ya. Kowa ya san abin da yake yi wa matasan da suka sha shi.

Dogonyaro ba zan kushe shi ba, mun sha inuwarsa. Baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Borno, ga shi yau ya zama ɗan gari. Amma jemagu da tsuntsaye suna zubar da ƙwallonsa a gindin katanga da bakin masai, kuma wanda ya tsiro a irin wannan wuri tsaga gini yake yi in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekarar farko da yatsu biyu ake zare shi bayan ruwa. In ya yi kauri aka sare, kututturen tohuwa yake yi, sai an haƙe.

Maganin feshi shi ne abin da kowa ke fara tambaya. Mai ɗauke da paraquat, wanda aka fi sani da Gramoxone, ganye kawai yake ƙonawa, ƙwallon aya-aya na nan lafiya. Guba ce da ba ta da makari, kurɓi kaɗan yana kisa, kuma hukumar NAFDAC ta sa shi cikin waɗanda ta hana. Bai kamata ya kwana a gidan da ke da yara ba, balle a juye shi a gorar lemo. Mai glyphosate yana bin ganye ya sauka ƙasa, amma ba ya kaiwa ga ƙwallayen da ba su tsiro ba, sai an maimaita, kuma ba ya bambanta ciyawa da tumatir. In ya zama dole, a ƙaramin lambu gara a shafa shi a ganyen da soso, da safar roba a hannu, nesa da rijiya, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Masu ba da shawarar a zuba gishiri ko baƙin man inji kuwa, kada a saurare su. Ciyawar za ta mutu, ƙasar ma ta mutu tare da ita, abin da ya saura ya gangara cikin ruwan sha.

In akwai kango a jikin gidanka wanda mai shi ya daɗe bai leƙo ba, iri daga can zai ci gaba da tsallako maka katanga. Ka nemi izininsa ko na mai unguwa, ku haɗu da maƙwabta ku sassabe shi a watan Agusta, kafin ciyawar ta yi kai.