Zanen Aro da Saƙar Hannu: Mas'alar Gina Shafin Intanet

Tun da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023, da niyyar horar da mutum miliyan uku a kan fasahar zamani, wata gardama ta daɗa ƙarfi a tsakanin samarinmu, a makarantun koyon kwamfuta da majalisun hira, gardamar da ba a tashi daga gare ta sai murya ta dushe. Wani ɓangare yana cewa zama a koyi rubuta shafin intanet da hannu, layi bayan layi, ɓata lokaci ne, tun da ga manhajoji irin su Wix da Webflow da WordPress, inda mutum zai ja hoto ya ajiye, ya ja rubutu ya ajiye, kafin la'asar shafi ya tashi. Ɗaya ɓangaren kuwa, watau masu rubutun hannu, suna duban waɗancan da idon raini, suna cewa wanda bai san HTML ba ai ba magini ba ne, mai shafe ne kurum. Kwanan nan ma an ƙara wa wutar itace da raɗe-raɗin cewa ƙirƙirarriyar basira ta riga ta yi wa sana'ar jana'iza baki ɗaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya cikin wannan jayayya shi ne zaton da akasarin jama'a suke yi, cewa shafin da aka zana da manhaja ba shi da rubutun umarni a ƙarƙashinsa, kamar dai an samo wata hanya ce da ta kauce wa rubutu ɗungurungum. Alhali kuwa burauzar da ke cikin wayarka, ko Chrome ce ko Firefox, harsuna uku take dogara da su: HTML mai tsara ƙashin shafi, da CSS mai yi masa sutura da launi, da JavaScript mai sa shi motsi. Duk sa'ad da ka ja wani akwati ka ajiye, manhajar ce take rubuta waɗannan harsuna a madadinka, ba tare da ta nuna maka ba. Misalinta misalin malamin wasiƙa ne na bakin gidan waya a zamanin da: kai ne mai magana, shi ne mai alƙalami, in ya yi tsawaitawa ko ya saka abin da ba ka faɗa ba, ba ka da ikon ganewa, balle gyarawa. Ko kuwa injin markaɗe, wanda ya hutar da mata daga dutsen niƙa, amma ran da ya tsaya cak, sai a zauna jiran mai gyara, ko da yara suna kukan yunwa. Ko kuma rigar kanti, wadda za ka saya ka sa nan take, sai dai in hannunta ya yi maka tsawo, tilas ka koma wurin telan da ka guje wa tun farko.

Wannan saɓani ba sabo ba ne, kuma tarihinsa yana da izina ga ɓangarorin biyu. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, burauzar farko da ya rubuta a 1990 ba ta karanta shafi kaɗai take yi ba, har da gyara shi a kan fuskar kwamfuta, saboda haka masu ganin zane da manhaja bidi'a ce ba su da hujja daga asali. Amma su ma masu dogaro da manhaja sai su tuna da FrontPage, wadda kamfanin Microsoft ya saya a 1996, ta cika duniya, tana zuba rubutu mai cunkoso wanda sau da yawa ba ya fitowa daidai sai a burauzar kamfanin, har aka daina yin ta a 2006. Su kuma tuna da Flash, wadda aka gina shafuka masu ƙyalƙyali ba iyaka da ita, kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga gare ta a ƙarshen 2020, shafukan suka zama kufai. Shafin farko na duniya kuwa, na 1991, da yake HTML ne tsantsa, har yau kowace waya tana buɗe shi.

To, ashe ainihin mas'alar ba ta sauƙi ko wuya ba ce, ta mallaka ce da ta gyara. Wanda ya gina shafinsa a Wix ba shi da damar kwashe shi yadda yake ya kai wata sabar, domin ginin yana tafiya ne a kan injin kamfanin. Ɗan haya ne, ran da aka ƙara kuɗi sai ya biya ko ya fita ya sake gini daga tushe, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. WordPress, wadda aka fara a 2003, wadda kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke kanta, ta bambanta da wannan, gama buɗaɗɗiya ce, kana iya ɗaukar kayanka ka ƙaura. Illarta ita ce 'yan ƙarin manhajojin da ake liƙa mata, waɗanda in an bar su ba sabuntawa, ta nan ɓarayi suke shiga, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mu kuma muna da namu dalilan na musamman. Yawancin masu karatunmu da waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu, a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, kuma shafin da aka loda wa manyan hotuna da kayan ado da ba wanda ya nema yana cinye musu kuɗi kafin su ga kalma ɗaya. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda in salon rubutun da manhaja ta zaɓa ba ya ɗauke da su, sai su fito a karkace ko su zama 'yan akwatuna, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Gyaran wannan ba ya wuce 'yan layuka, amma sai ga wanda ya iya leƙa ƙarƙashin shafi.

A ganina, in za a ari istilahin malaman fiƙihu, sanin rubutun umarni farilla ce ta kifaya: ba a ɗora wa mai sayar da atamfa da ke son nuna hajarta ta haddace CSS ba, manhaja ta wadatar da ita, kuma babu aibu a cikin haka, amma wanda ya ɗauki gina shafuka sana'a, yana karɓar kuɗin mutane, to, a kansa ta zama ta aini, domin ba a kiran mutum malamin Larabci alhali bai san nahawu ba. Wannan hukunci ya hau kan abin da ƙirƙirarriyar basira take rubutawa ma, tun da wanda bai iya karanta rubutun ba, taƙlidi kawai yake yi wa injin da shi ma yana kuskure.

Saura ma'aikatunmu, waɗanda sukan ba da kwangilar shafi, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hotuna, bayan shekara guda ka leƙa ka tarar da sanarwar bara, ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirri, ba wanda ya tanadi kuɗin sabunta sunan shafin. Da za su riƙa tambaya, kafin su sa hannu, wa zai riƙe mabuɗi, wa kuma zai gyara in ya lalace, da ba su damu ba ko da hannu aka saƙa shi ko da inji.