Tsofaffin askar Sheffield: yadda ake gane su da yadda ake farfaɗo da su

A kasuwannin tsofaffin kaya na Turai da Amurka akwai wata aska mai faɗin baki da masu tara kayan tarihi ke rububinta. Aska ce mai naɗewa cikin ƙotarta, wadda Faransawa ke kira coupe-chou. Wasu sun haura shekara 150 da ƙerawa, amma in suka faɗa hannun gwani sai su koma yin aski sumul. In kuma suka faɗa hannun mai gaggawa, minti biyu a bakin injin wasa ƙarfe sun isa su kashe su har abada.

Inda aka ƙera su

Garuruwa uku ne suka yi suna a wannan sana'a: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus da Thiers a Faransa. Sheffield ta sha gaban sauran tun wajen shekarun 1740, lokacin da Benjamin Huntsman ya gano dabarar narkar da ƙarfe a tukunyar yumɓu, abin da ya ba da ƙarfe mai tsabta da ke riƙe kaifi. A ƙarni na 19 kamfanoni irin su Wade & Butcher da Joseph Rodgers sun yi ta lodin aska zuwa Amurka. A Thiers kuwa, kamfanin Thiers-Issard da aka kafa a 1884 yana ƙera ta har gobe, kamar yadda Dovo, na 1906, ke yi a Solingen.

Kasuwar ta fara faɗuwa bayan King Gillette ya fito da reza mai bakin da ake canjawa a 1903. A yaƙin duniya na farko an raba wa sojojin Amurka irin wannan reza, suka koma gida da ita, aska ta koma shagon masu aski kaɗai.

Abin da ake nufi da babbar aska

Ana auna faɗin bakin aska daga gadon baya zuwa kaifi, da kashi takwas na inci. Wadda aka fi sabawa da ita ita ce 5/8, wato kimanin milimita 16. Daga 7/8 zuwa 8/8, inci guda ko milimita 25 ke nan, nan ake shiga sahun manya. Yawancin tsofaffin na Sheffield kuma masu kauri ne: in aka dubi bakin daga goshi, kamarsa ɗaya da ruwan gatari. Daga baya ne maƙeran Solingen suka yi fice wajen rarake gefen biyu har ƙarfen ya zama siriri. Masu tara kaya sun fi son masu kaurin saboda nauyinsu a hannu, da kuma ƙarancin waɗanda suka tsira ba tare da wasawa ta cinye su ba.

Yadda ake gane shekarunta

Shaidar tana jikin wuyan askar, inda maƙeri ke buga tambarinsa. Kambin sarauta tsakanin W da R na nuni da zamanin Sarki William na 4, daga 1830 zuwa 1837. V da R kuma na Sarauniya Victoria ne, daga 1837 zuwa 1901. Dokar harajin kwastan ta McKinley, wadda Amurka ta yi a 1890, ta tilasta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito tun daga 1891. Don haka askar da ke ɗauke da Sheffield kaɗai, babu England, galibi ta girmi wannan shekara. Wannan alama ce ta taimako, sai an haɗa ta da siffar wutsiyar askar da irin ƙotar kafin a yanke hukunci.

Wadda ba ta gyaruwa

Kafin a biya kuɗi, kaifin ake fara dubawa. Tsatsar da ke saman ƙarfe tana fita, amma wadda ta yi ramuka a dab da kaifi ta ci cikinsa, duk wasawa sai bakin ya riƙa marmashewa. Tsaga a baki ma ba ta da magani. Shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa a gefen kaifi na nuna wani ya taɓa kai ta ga inji, zafi ya sauke taurin ƙarfen, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba.

Ƙota ma tana da nata sharri. Ta ƙaho kan bushe ta tsattsage, ƙwari su huda ta, amma in aka jiƙa ta da mai takan farfaɗo. Ta selulod, robar farko da ta yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, in ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe, wadda ke sa wa askar tsatsa har ta shafi na kusa da ita a akwati. Irin wannan ƙota cire ta ake yi nan take.

Matakan gyara

Ana fara da cire ƙusoshin tagulla da suka riƙe ƙota, a hankali don kada ƙahon ya fashe. Sai a goge ƙarfen da hannu da samfefa, daga mai kaushi kamar lamba 400 zuwa mai laushi kamar 2000, ana kauce wa tambari da rubutun da ke jikin baki. A nan sabon shiga kan yi garin neman gira ya rasa ido: yana son ƙarfe ya yi ƙyalli kamar madubi, sai ya share tambarin da shi ne darajar askar. Masu tara kaya da dama sun gwammace baƙin tsufa ya zauna, muddin jar tsatsa ta fita.

Bayan an mayar da ƙota sai wasawa. Ana kwantar da askar a kan dutse, baya da kaifi duk suna taɓa shi, domin kaurin bayan shi ke tsayar da kusurwar kaifi. Dutse mai lamba 1000 ke kafa bakin, a bi da 4000 da 8000, wasu su kai 12000. Akwai kuma masu fifita dutsen coticule da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam. Ga aska mai kauri akan manna tef a bayanta, don kada dutse ya cinye shi. A ƙarshe a goga ta a fata, a shafa mata ɗan mai, tunda irin ƙarfenta na saurin tsatsa ne: ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1913 Harry Brearley ya samar da shi, a Sheffield ɗin dai.

Doka da lafiya

Wasu tsofaffin askar ƙotarsu ta hauren giwa ce. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe, kuma tsufan kaya ba ya hana jami'an kwastan su nemi takarda ko su ƙwace. Wanda zai ƙetare iyaka da irinta, gara ya bincika dokar ƙasashen biyu tun kafin ya tashi.

Na biyu ya shafi duk inda wanzami ke buɗe zabirarsa, daga Zinder zuwa zangon Kumasi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma goga aska a fata ba ya kashe ta. Shi ya sa masu aski da yawa suka koma ƙota mai karɓar sabuwar reza ga kowane kai. Tsohuwar askar da aka gyara ta mutum ɗaya ce: ya wanke ta, ya tsane ta, kada ya ara wa kowa, ko da ɗan'uwansa ne.